Burkina Faso: Blaise ya tafi, amma dogaransa ne suka riƙe mulki a 2014

Ranar Juma'a 31 ga watan Oktoba 2014 aka bayyana murabus ɗin Blaise Compaoré, bayan shekaru 27 yana mulkin Burkina Faso. Zanga-zangar kwana huɗu ce ta kawar da mutumin da ya saba zama mai sasanta rikicin maƙwabta, daga Togo da Kodebuwa zuwa Gini da Mali. Sai dai kafin gari ya waye ranar Asabar, hafsoshin soja biyu ne kowanensu ya ce shi ne shugaban ƙasa. Wanda ya yi rinjaye, Laftanar Kanal Yacouba Isaac Zida, shi ne mataimakin kwamandan rundunar da ke tsaron Blaise ɗin. Abin da ya sa ke nan murnar mutanen Wagadugu ba ta kwana biyu ba sai da zullumi ya shige ta.

Ayar doka ta 37

Mu ƴan Nijar ba sai an yi mana dogon bayani ba, tazarce ce. Ayar doka ta 37 ta kundin tsarin mulkin Burkina ita ce ta ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa, kuma ta sha taɓawa. Kundin 1991 ya ce wa'adi biyu na shekara bakwai-bakwai. A 1997 aka cire iyakar. A shekarar 2000, bayan tashin hankalin da ya biyo bayan kisan ɗan jarida Norbert Zongo, aka maido da ita, aka rage wa'adin zuwa shekara biyar. Da zaɓen 2005 ya ƙarato, sai majalisar tsarin mulki ta ce dokar ba ta waiwayen baya, wato shekarun da Blaise ya riga ya yi ba su cikin lissafi. Ya tsaya a 2005, ya sake tsayawa a 2010. A ƙarshen 2015 ya kamata ya sauka.

Ranar 21 ga Oktoba majalisar ministoci ta yanke shawarar aika wa ƴan majalisar dokoki ƙudurin gyara ayar. An ce za a yi zaɓen raba gardama, amma dokar ƙasar ta bar wata ƙofa: idan kashi uku cikin huɗu na ƴan majalisa suka amince, ba sai an tambayi jama'a ba. Kujerun majalisar 127 ne, ke nan ana buƙatar 96. Jam'iyyar CDP mai mulki a lokacin na da 70. Da jam'iyyar ADF/RDA mai kujeru 18 ta ce tana goyon bayan gyaran, ga kuma ƙananan ƙawaye, sai kowa ya gane lissafi ya kusa cika, kuma ranar Alhamis 30 ga wata za a gama komai a cikin zaure.

Mata ne suka fara fita ranar Litinin 27 ga wata, kowace da muciya a hannu. Ranar Talata dandalin Place de la Nation ya cika ya batse. Ƴan adawa, ƙarƙashin jagorancin Zéphirin Diabré, sun ce mutum miliyan guda ne suka fito. A Bobo Julaso aka tumɓuke mutum-mutumin Blaise. Ranar Alhamis da safe matasa suka keta shingen jami'an tsaro, suka cinna wa majalisar dokoki wuta, haka ma otel ɗin Azalaï inda aka kwantar da ƴan majalisar masu rinjaye don kada a tare musu hanya. An shiga gidan rediyo da talabijin na ƙasa, an ƙone hedkwatar CDP da gidajen manyan gwamnati. An harbi mutane; ƴan adawa sun ce kimanin 30 ne suka mutu. Gwamnati ta janye ƙudurin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari Blaise ya bar fadar Kosyam, ya tafi Yamusukuro ta Kodebuwa. Shugaba François Hollande da bakinsa ya amsa cewa Faransa ta taimaka wajen fitar da shi.

Ya kamata a faɗi cewa gidan Blaise ya tsage tun kafin wannan. A watan Janairu manyan jiga-jigansa uku, Roch Marc Christian Kaboré da Salif Diallo da Simon Compaoré, suka fice daga CDP suka kafa MPP. Ga kuma ƙungiyar matasa ta Balai Citoyen, wato tsintsiyar ƴan ƙasa, wadda mawaƙa biyu, Smockey da Sams'K Le Jah, suka kafa a 2013.

Yadda mulki ya faɗa hannun Zida

A bisa dokar wancan lokacin, idan kujerar shugaban ƙasa ta zama babu kowa, shugaban majalisa ne ke riƙewa har a yi zaɓe. To amma majalisar ta ƙone, sojoji sun rusa ta tun daren Alhamis, shugabanta Soungalo Ouattara ɗan CDP ne, kuma babu wanda ya fito titi da zai yarda da shi. Ƴan adawa kuwa sun shirya hana gyaran doka ne, ba su shirya karɓar ƙasa ba. Mulki ya zama a yashe, kuma wasu daga cikin masu zanga-zangar da kansu suka nufi hedkwatar soja suna kiran a ɗauka.

Babban hafsan hafsoshi, Janar Honoré Traoré, shi ya fara cewa ya ɗauka. Jama'a suka ƙi shi, suna ganinsa na hannun daman Blaise. Sai ga Zida, wanda yawancin ƴan ƙasar ba su taɓa jin sunansa ba, ya bayyana a dandalin taro tare da wasu jagororin ƙungiyoyin farar hula, ya ce an jingine kundin tsarin mulki, aka yi ta tafi. Ranar Asabar 1 ga Nuwamba manyan hafsoshi suka fitar da sanarwar cewa Zida suka zaɓa, kuma Janar Traoré ne ya sa mata hannu.

Yaya aka yi janar ya janye wa laftanar kanal? Amsar tana cikin rundunar da Zida ya fito. RSP, rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, a lokacin tana da sojoji sama da dubu, kuma ta fi sauran sojojin ƙasar makamai da horo da albashi. Soja ce a cikin soja. A 2011, lokacin da barikoki suka yi bore, har ita ma wasu nata suka taɓa, ita ce a ƙarshe aka tura ta murƙushe masu boren a Bobo Julaso. Ubangidanta na haƙiƙa a lokacin shi ne Janar Gilbert Diendéré, wanda ke tare da Blaise tun kafin 15 ga Oktoba 1987, ranar da aka kashe Thomas Sankara. Diendéré bai gudu ba, ya ci gaba da zama a Wagadugu a lokacin. Sannan hukumar bincike mai zaman kanta da aka kafa kan kisan Norbert Zongo na 13 ga Disamba 1998, sojojin wannan runduna shida ta ambata a matsayin waɗanda ake tuhuma ƙwarai. Zongo yana binciken mutuwar direban François Compaoré ne, ƙanen shugaban, wanda ya mutu a hannun dogaran fada. Har zuwa 2014 ba a hukunta kowa ba a kan kisan ɗan jaridar.

Shi ya sa ranar Lahadi 2 ga Nuwamba aka sake fitowa, wannan karon don a ce wa soja su koma bariki. A harabar gidan talabijin, inda magoya bayan Janar Kouamé Lougué mai ritaya da na ƴar siyasa Saran Sérémé suka taru, kowane ɓangare na son nasa ya hau, sojoji sun yi harbi, mutum guda ya mutu, sannan aka kore jama'a daga Place de la Nation. Tsoron masu zanga-zangar a fili yake: kada ta zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sun taɓa gani

Wannan tsoro yana da tushe a tarihin ƙasar. Ranar 3 ga Janairu 1966, lokacin ana kiranta Haute-Volta, ƙungiyoyin ƙwadago suka cika titunan Wagadugu saboda shugaba Maurice Yaméogo ya zabtare albashin ma'aikata. Jama'a ne da bakinsu suka kira soja. Laftanar Kanal Sangoulé Lamizana ya karɓa da sunan na ɗan lokaci, ya shekara 14. Saye Zerbo ya kifar da shi a 1980, Jean-Baptiste Ouédraogo ya zo a 1982, Sankara a 1983, Blaise a 1987. Dukkansu sojoji. Tun daga 1966 har 2014, shekaru 48, babu farar hula ko guda da ya shugabanci ƙasar. Matashin da ya ƙone majalisa ranar Alhamis, har ubansa ma da wuya ya tuna mulkin da ba na mai kaki ba.

Masu bin labaran duniya kuma suna kallon Masar, inda jama'a suka kori Hosni Mubarak a Fabrairun 2011, ga shi tun watan Yunin 2014 tsohon hafsan soja Abdel Fattah al-Sisi ne shugaban ƙasa. A Gini, Kyaftin Dadis Camara da aka yi wa guɗa a Disamban 2008, sojojinsa ne suka kashe mutane sama da 150 a filin ƙwallon Konakiri ranar 28 ga Satumba 2009, don sun ce kada ya tsaya takara. Akwai dai misalin da ya yi kyau: Amadou Toumani Touré na Mali ya kawar da Moussa Traoré a Maris 1991 bayan zanga-zanga, ya miƙa wa Alpha Oumar Konaré a 1992.

Mu ma a nan mun ga iri biyun. Janar Baré ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairu 1996 yana cewa gyara ya zo yi, a watan Yuli ya tsaya takara, ana cikin ƙidayar ƙuri'u ya rusa hukumar zaɓe. Salou Djibo kuwa, da ya kawo ƙarshen tazarcen Tandja ranar 18 ga Fabrairu 2010, tun cikin makonnin farko ya sa hannu a dokar da ta haramta wa ƴan majalisar soja ta CSRD da ministocin riƙon ƙwarya tsayawa takara, kuma ranar 7 ga Afrilu 2011 ya miƙa mulki. Dukansu biyu sun yi alkawari da baki. Ɗaya ne ya ɗaure kansa da takarda. Kundin da aka yi a wancan riƙon ƙwarya ya kuma kulle maganar wa'adi biyu, ya sa ta cikin ayoyin da ba a taɓawa. A lokacin ayar 37 ta Burkina ba ta da wannan makulli, shi ya sa aka yi ta wasa da ita.

Amma wanda ya fi kama da Zida a tarihinmu shi ne Daouda Malam Wanké. Shi ma kwamandan dogaran fada ne, kuma ya miƙa mulki cikin wata tara, a Disamban 1999. Sai dai akwai abin da aka biya: kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, kuma har zuwa 2014 iyalan Baré suna neman shari'a. A ganina a lokacin, nan ne cinikin Wagadugu zai fi zafi. Mai yiwuwa Zida ya sauka daga kujerar ba da wata gardama ba. Abin da RSP za ta nema a madadin haka shi ne a bar ta yadda take, kada kuma a buɗe fayil ɗin Sankara da na Zongo. Su kuwa matasan da suka fito, sunayen mutanen nan biyu ne a bakinsu da jikin rigunansu.

Abin da ya shafe mu

Ban da maƙwabtaka, akwai hanya. A 2014, kayan da ake saukewa a tashoshin ruwan Lome da Tema da Abijan, ta Fada Ngurma da Kancari suke bi su shigo Makalondi da Torodi kafin su iso Yamai. Sa'ad da sojoji suka rufe iyakoki a daren da Blaise ya faɗi, masu kamiyo da ƴan kasuwarmu na cikin waɗanda abin ya taɓa. Fargabar a lokacin ita ce idan aka kai ga takunkumi, ko rikici ya ɓarke tsakanin RSP da sauran sojoji, za a ji shi a farashin kaya. Ga batun tsaro kuma: arewacin Mali bai kwanta ba, a lokacin sojojin Faransa na musamman a Wagadugu suke da zama, kuma a can aka sa hannu kan yarjejeniyar Yunin 2013 tsakanin Bamako da ƴan tawaye.

Matsin lamba daga waje ya fara. Ranar Litinin 3 ga Nuwamba kwamitin sulhu da tsaro na Tarayyar Afirka ya ba sojoji makonni biyu su miƙa wa farar hula, in ba haka ba takunkumi. Ranar Talata Zida ya je gaishe da Mogho Naba, sarkin Mosawa, aka fito aka ce ya yi alkawarin miƙawa. Ranar Laraba shugabanni uku na CEDEAO, John Mahama na Gana da Goodluck Jonathan na Najeriya da Macky Sall na Senegal, suka yini a Wagadugu. An amince da riƙon ƙwarya na shekara guda ƙarƙashin farar hula, da zaɓe a Nuwamban 2015. Ba a dace kan sunan wanda zai riƙe ba, kuma ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula sun nuna ba su son zama teburi guda da mutanen tsohuwar gwamnati.

Ko an naɗa farar hular, abin dubawa a lokacin shi ne wa zai zama faraminista, wa zai riƙe ma'aikatar tsaro da ta cikin gida, sannan ko takardar riƙon ƙwaryar za ta hana masu riƙon tsayawa takara. Wa'adin Tarayyar Afirka ya cika ranar 17 ga Nuwamba 2014.