Abincin Babbar Sallah A Gidan Da Ba A Son Wahalar Girki

A gidaje da yawa, wadda ta fi kowa shan wuya ranar Babbar Sallah ita ce wadda ba a gani a cikin hotunan ranar. Tun kafin kiran assalatu uwargida take hura wuta, kuma sau da yawa har a yi sallar isha'i ba ta sami sukunin sa sabon ɗinkin da ta yi wata guda tana bibiyar tela a kansa ba. Baƙi su shigo su fita, yara su tafi yawon Sallah su komo, ita kuwa tana tsakanin tukunyar miya da kaskon suya, idanu sun yi jajir don hayaƙi. Idan kuwa mace ce wadda tun asali ba ta ƙaunar girki, ranar farin ciki takan zame mata ranar fargaba, har ta kai miji da mata su kwana ba sa ga maciji a kan miyar da ta kama ko tuwon da ya yi gudaji.

Ba a cika faɗin wannan magana a fili ba, domin a ƙasar Hausa mace ta ce ba ta son girki tamkar ta yi wa kanta shaidar lalaci ne. Alhali kuwa irin waɗannan mutane suna da yawa, kuma ba dukansu ne malalata ba. Akwai ma'aikaciyar asibiti wadda ta kwana a bakin aiki, akwai mai juna biyu wadda ƙaurin albasa kaɗai ke tayar mata da zuciya, akwai dattijuwar da 'ya'yanta mata duk sun yi aure, akwai kuma gwauron da ke zaune a ɗaki guda a Agege ko a Sabo ta Ibadan, wanda 'yan'uwa za su zo masa gaisuwar Sallah.

Idan aka duba da kyau, tushen wahalar yana cikin jerin abincin da aka gada. Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkaso, sinasir, soyayyen nama, dambun nama, sa'an nan kai da ƙafa, duka an saba yin su ne a babban gida irin na gandu, inda matan aure huɗu ko biyar da 'yammata suke raba aiki, wata na daka, wata na tankaɗe, wata na tuƙi. A yau magidanci yakan tare da matarsa a ciki da falo a Legas ko Abuja ko Fatakwal, amma ya ɗauko jerin nan ɗungurungum ya aza wa mace guda. Addini kuwa bai ɗora wannan nauyi ba. Abin da aka nema ga mai hali shi ne ya yi layya, ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta. A mazhabar Malikiyya an so ya buɗe baki da hantar layyarsa, an kuma ba shi kwana uku na yanka, wato 10 da 11 da 12 ga Zulhijja. Babu inda aka ƙayyade yawan kwanukan da za a jera a gaban baƙi.

Saboda haka gidan da ke neman sauƙi zai fara ne tun ranar jajibere da yanke shawara guda: tukunya ɗaya za a ɗora domin abincin dare. A wannan rana ake kai tumatir da tattasai da attaruhu da albasa injin markaɗe, a tafasa markaɗen har ruwansa ya tsotse don kada ya yi tsami kafin gobe. A wannan dare kuma ake jiƙa zoɓo da citta da kanumfari, da safe sai tacewa da zuba sukari kawai. Wanda ba ya jin ya yi Sallah sai ya ga waina, to, mai wainar unguwa tana karɓar aiki, amma fa sai an yi mata magana da wuri, domin a irin wannan lokaci tandarta ba ta hucewa.

Yanka da fiɗa da gyaran kayan ciki aikin maza ne, ko kuma na mahauci. A nan akwai abin lura, domin ba a biyan mahauci ladarsa da naman layya ko da fatarta. Da kuɗi ake sallamarsa, in an so a yi masa kyautar nama daban. Tun da za a biya shi, babu laifi a ƙara masa wani abu ya wanke tumbi da hanji, ya yayyanka naman daidai tukunya, gama wannan shi ne aikin da ya fi cinye wa mata yini. Hanta da ƙoda kuwa ba su buƙatar gwaninta. Ɗan mai da albasa da gishiri a kasko, cikin 'yan mintoci an sami abin karya kumallo.

Tukunyar daren ita ce dafa-duka, wadda wasu ke rainawa don sun saba da ita, amma wadda aka yi da romon sabon naman rago ba ta da abin raini. A zuba nama a babbar tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, a bar shi ya sulala har ya yi laushi, sa'an nan a tsame shi a juye romon a gefe. A cikin tukunyar nan dai za a zuba man gyaɗa a soya markaɗen jiya har mai ya taso, a mayar da romon, a ƙara ruwa yadda kowane gwangwani na shinkafa zai sami kamar gwangwani biyu na ruwa. Idan ya tafasa a zuba wankakkiyar shinkafa tare da naman, a rufe, a rage wuta. Kuskuren da ba-sabun ba suka fi yi shi ne yawan buɗe murfi da juye-juye, wanda ke sa shinkafa ta caɓe. A ƙyale ta ta turara da kanta. Mudu guda yakan wadaci mutum takwas zuwa goma, kuma aikin duka ba ya wuce sa'a biyu, wanda yawancinsa jira ne. Mai son ɗanɗanon gargajiya yana iya sa manja da daddawa a madadin man gyaɗa.

Wanda ko wannan ma ya yi masa yawa, yana da mafita a farfesu. Nama ne da ruwa da kayan yaji, a bar su a wuta, a sayo gurasa a haɗa. Mutanen Kano sun daɗe da sanin cewa gurasa da nama abinci ne cikakke, musamman in an yi mata bandashe da garin ƙuli-ƙuli da mai da albasa da tumatir. A Kudu, inda gurasa ke wuyar samu, burodin Agege yana tsayawa a madadinta ba tare da kunya ba. A sare kankana ko gwanda a ɗora a faranti, an gama.

Har ila yau, gashi hanya ce ta janye aiki daga madafa zuwa tsakar gida. A Sakkwato da Zamfara da Jamhuriyar Nijar al'ada ce a tsire ragon gaba ɗaya a jikin itace, a jingina shi kusa da babbar wuta, maza suna kula da shi har ya gasu. Wanda ba shi da filin yin haka, kaskon gawayi da waya sun ishe shi. Maigida da samarin gida su gasa balangu, su barbaɗa yaji, kuma galibi hira takan fi daɗi a bakin wutar nan fiye da a falo.

Sauran naman shi ne abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Babbar Sallah ta kama ranar 16 ga Yuni a 2024, ta kama 6 ga Yuni a 2025, wato kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11, tana tunkarar tsakiyar bazara, lokacin da nama ke saurin lalacewa. Dogara ga firiji kuwa ganganci ne; a watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun yi kwana da kwanaki babu wutar lantarki. Hanyar iyaye da kakanni ta fi tabbas: a soya nama har ruwan jikinsa ya ƙone sarai, a adana shi cikin mansa. Wadda ba za ta iya tsayuwar suya ba tana iya ba masu suya ko masu yin dambu da kilishi aikin, ta biya su. Mafi sauƙi ma shi ne a hanzarta rabon ɗanyen nama ga maƙwabta da mabuƙata, domin duk abin da ya fita gida ya rage aikin kasko. Dafaffen abinci kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar shi a ajiye a zafin ɗaki fiye da sa'a 2, don haka shinkafar da ta rage sai a rabar da ita da zafinta, kada a bar ta a rufe cikin kula har wayewar gari.

Saura kai da ƙafa, waɗanda ke tsorata har ƙwararrun masu girki. A kowace unguwa ranar Sallah akan sami samari masu babbaka, suna ƙonewa suna kankarewa a kan kuɗi kaɗan, mahauci kuma ya farfasa. A daren kashegari a zuba su a tukunya da ruwa mai yawa da albasa da barkono da daddawa, a ɗora a kan garwashi bayan isha'i, a ƙara gawayi sau ɗaya kafin a kwanta. Da asuba za a tarar ganda ta yi laushi, sai a aiki yaro ya sayo burodi.