Me Ya Sa Batirin Kwamfuta Ke Ƙarewa Alhali Ba a Sa Ta Aiki Ba?

Duk mai sayen kwamfutar tafi-da-gidanka tambaya biyu yake yi wa mai shago: Core i nawa ce, kuma awa nawa take riƙe caji? Ta farko a rubuce take a jikin kwamfutar. Amsar ta biyu kuwa ta rataya ne a kan wani abu da ba a cika faɗa ba, wato wutar da furosesa ke sha a lokacin da ba ya yin komai.

Lissafin ba shi da wuya. Da wat-awa ake auna batir. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da ma'aikata ke riƙewa, batirinsu na tsakanin wat-awa 40 da 60 ne. Manyan ma ba sa ƙetare 100, domin nan ce iyakar batirin da fasinja zai shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. To, batir mai wat-awa 50, in kwamfuta na jan wat 10, awa 5 zai yi. In ta sauko wat 5, ya zama awa 10.

Mai rubuta takarda ko karanta wasiƙa yana ganin aiki yake sa kwamfutarsa, amma tsakanin danna wani harafi da na gabansa, furosesa ya daɗe da gama nasa, yana zaune yana jira. Mafi yawan yininsa a jiran nan yake ƙarewa. Shi ya sa tun 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da tsarin ACPI, wanda ya shimfiɗa matakan barci ga furosesa. A matakin C0 yana aiki. A C1 gyangyaɗi ne kawai. Da an ƙara nitsawa sai a tsayar da bugun agogonsa, a kwashe abin da ke cikin 'yar ma'ajiyarsa, daga ƙarshe a yanke wa sassansa wuta gaba ɗaya. Dole ce ta sa a yanke, domin biliyoyin tiransistocin da ke ciki suna yoyon wuta ko da ba sa motsi. A 2013 Intel ta kai matakan har C10 a furosesocinta na Haswell.

Sai dai barci mai nauyi yana da tsada wajen tashi, saboda haka furosesa ba ya nitsawa sai in ya ga alamar za a ƙyale shi na ɗan lokaci. Kamar mutum ne da ake ta ƙwanƙwasa masa ƙofa cikin dare: ko bai fita ko'ina ba, zai wayi gari a gajiye. Abin da ya faru da manhajar Chrome ke nan. Bisa al'ada Windows na tada furosesa kimanin sau 64 a daƙiƙa, amma Chrome ta riƙa mayar da shi sau 1,000, ko da shafin a buɗe yake kawai ba mai taɓa shi. A 2014 maganar ta fito fili, Google ta amince za ta gyara.

Wata dabarar ita ce raba aiki. A 2011 kamfanin ARM ya gabatar da tsarin haɗa manyan sassa masu gudu da ƙanana masu tsimin wuta a furosesa ɗaya. Apple ta bi wannan hanya a M1 na 2020, manya huɗu ƙanana huɗu. MacBook Air ɗin da ya zo da shi batirinsa wat-awa 49.9 ne, kamfanin kuma ya ce zai kai awa 18 ana kallon bidiyo. Ka ga ke nan bai kai wat 3 yake ja ba. Intel ma ta rungumi wannan tsari na raba aiki.

A ganina, wannan adadi na wutar zaman jira ya cancanci a buga shi a jikin kwali kamar yadda ake buga girman ma'ajiya. Ga wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta yini guda, shi ne bambancin kammala aikin makaranta da neman inda janareto ke tashi. Ina jin takaici in na ga ɗalibi ya zuba kuɗinsa a ƙatuwar kwamfutar wasanni mai katin hoto na Nvidia don an ce masa "mai ƙarfi ce", alhali rubutu da karatu zai yi, kafin azahar kuma ta mutu.

Wanda ya riga ya saya ma yana da abin yi. Ya rage hasken allo, domin a lokacin da furosesa ke barci, allo na cikin manyan masu shan wuta. Ya leƙa Task Manager ya kashe manhajojin da ke tashi da kansu, ya rufe shafukan intanet masu tallan bidiyo, ya zare duk abin da ya soka a USB wanda ba ya amfani da shi. Mai sayen ta hannu kuwa, kafin ya biya, ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau, a kan wannan sai a yi ciniki.