Malamin da Ya Bi Sawun Auduga Har Cikin Masaƙa

Shirinmu na musamman na yau zai waiwayi rayuwar wani malamin jami'a da ya ƙarar da shekarunsa yana nazarin ƙungiyoyin ƙwadago, wato Farfesa Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin. Mai sauraro a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai iya cewa, ina ruwan manomi da Baturen jami'a? A ɗan ba mu aron kunne.

Dattawanmu ba su manta da lokacin da auduga ke riƙe da gidajen wannan yanki ba. Tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Manomi ya tsince kaɗarsa ya kai fuloti, a auna, a ɗora a mota zuwa injin gurza a Funtuwa, daga nan sai masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai a Kano. Wannan hanya ce Beckman ya bi da alƙalaminsa.

An haife shi a 1938. Digirinsa na uku a kan manoman koko na Gana ya yi shi, sannan ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1978, ya koyar da kimiyyar siyasa har zuwa 1987. Shi da maiɗakinsa Gunilla Andrae suka riƙa bincike tare. A 1985 suka fitar da littafi kan yadda shigo da alkama daga waje ya jefa Nijeriya cikin tarkon burodi. A 1987 suka koma kan auduga: kuɗin ƙasashen waje sun yi ƙaranci, masaƙu sun rasa abin saƙa, har wasunsu suka fara neman filaye su noma da kansu. Shekara guda kafin nan gwamnatin Babangida ta rushe hukumar sayen auduga, aka bar manomi da 'yan kasuwa, kowa tasa ta fisshe shi.

Babban aikinsu shi ne littafin 1998 kan ƙarfin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. A lokacin, yawancin masana na ganin cewa idan tattalin arziki ya shiga matsi, ƙungiyar ƙwadago rugujewa take yi, domin mai tsoron kora ba ya ɗaga murya. Beckman da Andrae suka shiga masaƙu, suka zauna da leburori da wakilansu da manajoji, suka karanta takardun ƙungiyar da aka kafa a 1978 mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982. Abin da suka gano ya saɓa wa wancan zato. A tsakiyar wahalar tsarin tsuke bakin aljihu, ƙungiyar ta ƙara samun gindin zama. Ta sa masu kamfani zaman ciniki kan albashi da alawus, ta sa aka daina korar mutum sai an bi ƙa'ida. Su ma masu kamfanin sun gane gara su yi magana da shugabannin da ma'aikata suka yarda da su, da a wayi gari an yi bore.

Sun kuma nuna bambancin biranen biyu. A Kaduna masaƙun manya ne, ma'aikaci ya dogara da albashinsa kacokan, don haka ya rungumi ƙungiya. A Kano kuwa da yawa ƙanana ne, na attajirai da Kwarori, aiki ta hannun wani ake samunsa, kuma wanda ubangida ya kawo yakan ji nauyin ƙalubalantar ubangidan. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, domin ita ce rayuwar ɗan ƙwadago a gonakinmu da mai dako a kasuwanninmu har gobe: haƙƙinsa na rataye da kirkin mai gida.

Ƙungiyar ba ta iya ceton masaƙun ba. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa sun fi ƙarfinta. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi baya. Beckman ya koma Jami'ar Stockholm amma bai yanke hulɗa da almajiransa da 'yan ƙwadagon Nijeriya ba, har ya rasu a 2019.

Yau matsalar tsaro ta raba dubban manoman yankin nan da gonakinsu, matasa sun bazu birane suna aikin ƙarfi ba takarda, ba mai tsaya musu. Kiranmu ga ɗalibanmu na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya shi ne su je su zauna da waɗannan mutane, su rubuta nawa ake biyansu, wa ke ɗaukarsu, wa suke kai wa kuka idan an cuce su. Ku kuma iyayenmu da kuka yi aikin masaƙa ko injin gurza, idan yaran nan suka zo da tambaya, don Allah ku ba su labari.