Ma'auni da Ɗan Dambe: Illar Rage Nauyi Kafin Karawa

 Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata al'ada wadda ta daɗe a damben Turawa, wadda kuma hanya ta buɗe mata zuwa damben gargajiya namu, watau rage nauyin jiki da gaggawa kafin a hau ma'auni.

Dambe Kafin Zuwan Ma'auni

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe wasa ne na kaka, asalinsa kuwa na Rundawa ne, watau mahauta. Idan amfani ya zo gida sai samari su naɗe hannu, su bi gari gari tare da makaɗansu. Ba a auna kowa, ido shi ne ma'auni. A zamanin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda Ɗan Anace ya waƙe, ɗan dambe ba shi da dalilin ƙaurace wa tuwo da fura don zai shiga fage, ƙarfinsa ma yake nema ya ƙaru.

Yanzu kuwa dambe ya shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, da manyan gasanni irin waɗanda ake shiryawa a Kano da Abuja da Legas, inda ake kasa 'yan wasa aji aji bisa ga nauyinsu. Lalle wannan adalci ne, don ya hana a haɗa ƙaramin mutum da ƙato. Amma fa inda duk aka kafa iyaka, sai an sami mai neman ratse. Mai kilo 70 zai so ya sauko ajin kilo 65 ranar awo, sa'an nan ya ci ya sha, ya shiga fage ya fi abokin karawarsa girma.

Abin Da Yake Fita Daga Jiki

Kitse ba ya narkewa dare ɗaya. Wanda ya bi hanyar da ta dace, wajen rabin kilo zuwa kilo ɗaya zai rage a mako. Saboda haka kilo 5 da mutum ya zubar cikin kwana biyu ko uku, mafi yawansa ruwa ne. Ana yin haka ta ƙin shan ruwa, da gudu cikin rana da tufafi masu kauri, da shan maganin sa fitsari ko na zawo.

Jikin namiji baligi wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Masana aikin jiki sun nuna cewa da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, juriyarsa ta fara raguwa. Ga mai kilo 70, wannan bai kai lita ɗaya da rabi ba. To, ina ga wanda ya zubar da kilo 5?

Da farko jini yakan ragu ya yi kauri, sai zuciya ta ƙara sauri don ta isar da shi, mutum ya riƙa haki tun bai yi aikin kirki ba. Na biyu, gumi yakan ragu, jiki ya kasa huce zafinsa. Na uku, akwai wani sukari da jiki yake ajiyewa cikin tsoka da hanta, wanda shi ne makamashin naushi da zabura; yunwa tana cinye shi, kowane giram ɗaya nasa kuwa yana tafiya da wajen giram 3 na ruwa. Na huɗu, gishirin jiki yana bin gumi da fitsari, daga nan sai ɗaurewar jijiya, wani lokaci har bugun zuciya ya rikice, ƙoda ta wahala. Na biyar, hankali yakan dushe, ido ya ga hannu yana zuwa amma jiki ya makara wajen kaucewa.

Wanda duk ya yi azumi a bazara ya san cewa ba da kurɓin farko ƙarfi yake komowa ba. Ciki yana cika nan da nan, tsoka kuwa takan bukaci yini guda ko fiye.

Darasi Daga Ƙasashen Waje

A shekarar 1982 wani ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya sha wahala ƙwarai kafin ya sauko nauyin ajinsa, ya kara da Ray Mancini a Amurka, aka buge shi a turmi na 14, ya rasu bayan kwana huɗu. Bayan wannan ne aka fara rage turamen kambun duniya daga 15 zuwa 12. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni, dukansu wajen rage nauyi. A 2008 Oscar De La Hoya ya matse jikinsa ya sauko aji don ya kara da Manny Pacquiao, wanda ya fi shi ƙanƙanta. Ya shiga a yamutse, ya sha duka, ya sallama bayan turmi na 8.

Akwai kuma kyakkyawan misali daga gida. Dick Tiger, ɗan Nijeriya, ya ci kambun duniya na ajin matsakaita a 1962. Da ya rasa shi a 1966 sai ya haura aji na gaba, ya doke José Torres a wannan shekara, ya sāke zama zakaran duniya.

Abin Da Ya Shafe Mu

Haɗarin ya fi tsanani a nan saboda dalili biyu. Na ɗaya shi ne zafi. A watan Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40, mai aiki a gonakin rani na Bakolori kuwa yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. Saurayin da ya ƙara ƙishirwar ganganci a kan wannan ya sayar da ransa da arha.

Na biyu shi ne dokar wasan kanta. A damben Turawa wanda ya faɗi ana ƙirga masa goma, yana iya tashi ya ci gaba. A namu kuwa, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Ɗan dambe yana tsaye ne a kan cinyoyinsa, ya miƙa hannu guda yana karewa, yana jiran ƙiftawar ido. Jiri kaɗan ko rawar gwiwa ya isa ya kashe shi tun abokin karawa bai sauke masa hannu sosai ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kammalawa

Shawarata ga masu shirya gasa da jami'an wasanni na ƙananan hukumomi ita ce, a riƙa rubuta nauyin 'yan wasa tun makonni kafin gasa, a sāke auna su da safen ranar karawa, don wanda ya sauko da yawa ko ya haura da yawa a gane shi. A ajiye ma'aikacin lafiya da ruwan sha a bakin fage, a kuma hana maganin sa fitsari. Ga iyayen gidan 'yan dambe kuwa, ku bar yaro ya yi wasa a ajin da jikinsa ya ajiye shi. In lalle sai ya rage, ya fara tun da wata biyu, yana ci yana sha. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.