Shayi da burodi: Gadon Turawa da ya zama karin kumallon Kakuri

Da sassafe, kafin a buɗe shaguna da ofisoshi, teburan masu shayi a Kakuri da Makera da Barnawa sun riga sun cika. Ma'aikaci ya sha shayi mai kauri, ya haɗa da burodi da wainar ƙwai, ya kama hanya. Wannan karin kumallo da ake ɗauka na gida ne, tushensa na teburin Turawan Ingila.

A can, shan baƙin shayi da madara da sukari ya bazu tun ƙarni na 18. Zuwa ƙarni na 19 ya zama abin dogaron leburorin masana'antu, domin ba ya cin lokaci, kuma sukarinsa na riƙe ciki. Cikakken karin kumallonsu ya ƙunshi burodi da soyayyen ƙwai da naman alade. Masu shayinmu sun ɗauki biyun farko, suka bar na ƙarshe.

Hanyar da al'adar ta biyo zuwa Kaduna ita ce aikin albashi. Garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917, kuma babbar mahaɗar jirgin ƙasa tana kudu da kogin. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire, wasu masaƙu suka biyo baya. Ma'aikacin da ya baro iyalinsa a ƙauye, yake shiga aiki bisa agogo, ba shi da mai yi masa ɗumame ko koko. Mai shayi ne ya toshe wannan giɓi, kamar yadda shayin ya yi a Ingila.

Yawancin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma teburin mai shayi na nan daram, har taliyar Indomie ta samu gurbi a kansa.

Sai dai gadon ya zo da nauyinsa. Akasarin alkamar burodi da garin madara daga ƙetare ake shigo da su, ko da yake ana noman ganyen shayi a tsaunin Mambila. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, da faɗuwar darajar naira daga 2023, suka iso har cikin kofi: burodi ya ƙanƙance, madara ta ragu. Muddin ba a wadatu da alkama da madarar gida ba, kasuwar canji ce za ta ci gaba da yanke wa ma'aikaci farashin karin kumallonsa.