KWANA UKU A BIRNIN LANDAN: YADDA BAƘO ZAI TSARA ZIYARARSA

Daga Wakilinmu

Kowace shekara ma'aikatan gwamnati da ɗalibai masu yawa daga ƙasar nan sukan tafi Ingila domin kos ko taro ko ƙarin ilmi, kuma galibi bayan an gama abin da ya kai su sukan sami rarar kwana biyu ko uku kafin ranar komowa gida. Abin takaici shi ne yawancinsu a cikin kantunan titin Oxford da kasuwar yadi ta kusa da tashar Liverpool Street suke ƙarar da waɗannan kwanaki. Mutum ya dawo da akwatuna cike da kaya, amma in 'ya'yansa suka tambaye shi abin da ya gani a birnin da aka tattauna batun 'yancin ƙasarsa, sai ya rasa ta cewa. Kuɗin jirgi da na masauki kuwa a yau ba abin wasa ba ne, mai yiwuwa ma mutum ba zai sake samun irin wannan dama ba har ƙarshen aikinsa.

Magabatanmu da suka je can ba haka suka yi ba. Tun a shekarar 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, ya sauka Landan tare da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, daga baya kuma aka rubuta labarin tafiyarsa daga bakinsa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila, a 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ya je tare da Sarakunan Gwandu da Kano. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam ya je cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Duk waɗannan sun je ne da niyyar gani da koyo, kuma abin da wannan bayani yake so ya taimaka wa mai karatu ya yi ke nan cikin kwana uku.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Ɗan Nijeriya ba ya shiga Ingila sai da biza. Wadda ta dace da mai ziyara ita ce ta baƙunci, wadda takan ba mutum izinin zama har wata shida amma ba ta ba shi izinin yin aiki. Ana cika takardar nema ta intanet, sa'an nan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ana iya nema tun saura wata uku a tashi, amsa kuwa takan ɗauki kamar mako uku, saboda haka kada a sayi tikitin da ba a mai da kuɗinsa sai biza ta fito. Abin da masu dubawa suka fi kula da shi abu biyu ne, watau ko mutum yana da abin ɗaukar nauyin kansa, da kuma ko yana da dalilin komowa gida. Ma'aikaci ya tanadi takardar izinin tafiya daga ma'aikatarsa da bayanin ajiyarsa ta banki, ɗalibi kuma ya karɓi takarda daga makarantarsa. Wanda ya zarce wa'adin da aka ba shi yana iya jawo wa kansa hanin shiga ƙasar na shekaru, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya.

Sai batun lokaci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe tara na dare, hasken yini yakan wuce awa 16, amma a lokacin ne baƙi suke cika gari, masauki kuma ya yi tsada. A watan Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, yinin duka bai cika awa takwas ba, ga sanyi mai ratsa ƙashi wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Wanda yake da zaɓi, watannin Mayu da Satumba sun fi sauƙi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu da namu ɗaya ne, a sauran watanni kuwa muna gabansu da awa guda. Musulmi ya nemi jadawalin salla na garin, domin lokutan can suna sauyawa ƙwarai daga wata zuwa wata.

A cikin kaya kada a manta da rigar sanyi, da laima, da takalmin da ba ya cin ƙafa, domin tafiyar ƙasa ce mafi yawan yawon. Kada a ɗauki kilishi ko dambun nama ko man shanu a matsayin tsaraba, gama dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, ma'aikatan kwastan za su karɓe. Wanda yake ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 wajibi ne ya bayyana. Har ila yau ya kamata a yi inshorar lafiya, domin baƙo yakan biya kuɗi mai yawa in aka kwantar da shi a asibiti.

SAUKA DA ZIRGA-ZIRGA

Daga Abuja zuwa filin jirgin saman Heathrow tafiyar awa shida ce zuwa bakwai. Daga filin zuwa tsakiyar gari, hanyar da ta fi arha ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda yakan ɗauki kusan awa guda. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, ya fi sauri amma ya ɗan fi tsada. Tasi kuwa tana iya cinye guzurin yini guda tun kafin mutum ya ga masaukinsa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasan Landan shi ne na farko a duniya, an fara shi tun 1863. Kowane layi da launinsa a taswira, in mutum ya zauna ya nazarci taswirar na minti goma ya gama da ɓata. Tun 2014 motocin bas na birnin suka daina karɓar tsabar kuɗi, saboda haka sai a sayi katin Oyster a tasha a zuba masa kuɗi, ko a yi amfani da katin banki irin wanda ake dangwalawa. Akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a yini, in ya kai ta sauran tafiye-tafiyen ranar kyauta ne. A kan matakala mai tafiya da kanta ana tsayawa a dama, a bar hagu ga masu gaggawa. Wajen ƙetare titi kuma a tuna motocinsu ta hagu suke bi, kamar yadda muke yi a nan kafin 1972, don haka dama ake fara dubawa.

Game da masauki, gara ƙaramin ɗaki kusa da tashar jirgi da babban ɗaki a bayan gari, domin mai kwana uku ba shi da awa biyun da zai riƙa zubarwa kullum a hanya.

RANA TA FARKO: UNGUWAR MULKI

A fara da Westminster da sassafe. Da fitowa daga tasha sai ga hasumiyar agogon nan da ake kira Big Ben, ko da yake ainihin sunan na ƙararrawar ciki ne, wadda ta fara bugawa a 1859. Ginin Majalisar Dokoki da ke manne da ita an sake gina shi ne bayan gobarar 1834, kuma a cikinsa aka zartar da dokar da ta ba Nijeriya mulkin kai a 1960. A tsallaken titi akwai babbar majami'ar Westminster, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066. A nan aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953, da ɗanta Sarki Charles na Uku a 2023. Ana biyan kuɗin shiga, ran Lahadi kuma ba a buɗe ta ga 'yan kallo.

Daga nan a ratsa lambun St James zuwa Fadar Buckingham. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya akan yi bikin sauyin masu gadi, da kaɗe-kaɗen soja, amma ba kullum ba ne, sai a bincika ranakun tun da wuri. Kusa da fadar akwai gidan da ya kamata kowane ɗan Nijeriya ya tsaya a gabansa, watau Lancaster House. A nan ne Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Nnamdi Azikiwe, da Obafemi Awolowo da sauran shugabanni suka zauna da Turawa a tarurrukan tsarin mulki, kuma a taron 1958 aka tsai da ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ba a cika barin jama'a su shiga ba, amma ganinsa daga waje ma ya isa abin tunawa. Sai a miƙe zuwa dandalin Trafalgar, inda ofishin jakadancin Nijeriya yake a wani titi da ke gangarawa kogi. Duk wannan zagaye da ƙafa ake yinsa.

RANA TA BIYU: KOGI DA TSOHON BIRNI

Rumawa ne suka kafa Landan a bakin Kogin Thames kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma tsohon garin yana gabas da Westminster. Babban abin gani a nan shi ne Hasumiyar Landan, wadda Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya fara ginawa. Ta taɓa zama fada, ta zama kurkuku, ta zama gidan buga kuɗi, yanzu kuma a nan ake ajiye kayan sarauta. Cikinsu har da sandar sarki mai ɗauke da wani yanki na lu'ulu'un Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Kuɗin shiga yana da nauyi, saboda haka a sayi tikiti ta intanet, a iso da an buɗe ƙofa, a kuma fara da ɗakin kayan sarauta kafin layi ya yi tsawo. A gefenta ga gadar nan mai ɗagawa sama domin jiragen ruwa su wuce, wadda aka buɗe a 1894.

Bayan azahar a shiga jirgin ruwa daga nan zuwa Greenwich, tafiyar kamar rabin awa. A kan tudu akwai gidan nazarin taurari da aka kafa a 1675, kuma ta cikinsa layin nan ya ratsa wanda ƙasashen duniya suka amince a 1884 ya zama mafarin auna gabas da yamma. Ɗalibin da ya sha karanta agogon GMT a aji, ga asalinsa. Wannan layi in aka bi shi kudu ya ratsa Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku ta garin Tema na ƙasar Gana.

RANA TA UKU: GIDAJEN ILMI

Wannan rana ba ta da tsada, domin manyan gidajen kayan tarihi na gwamnati kyauta ake shigarsu. Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, yana da kayayyaki kimanin miliyan takwas, wanda duk ya ce zai ga kome a yini guda ba zai riƙe kome ba. A zaɓi sashe biyu ko uku. A ga na Masar, inda dutsen Rosetta yake, wanda ta hanyarsa aka gane karatun rubutun Fir'aunoni, sa'an nan a sauka sashen Afirka. A nan ne kayan tagullar Benin suke, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Nijeriya ta daɗe tana neman a mayar mata da su. A 2022 Jamus ta fara mayar da nata, wani ƙaramin gidan tarihi na Landan mai suna Horniman shi ma ya miƙa mallakar nasa a wannan shekara, amma babban gidan yana kafa hujja da wata doka ta 1963 wadda ta hana shi rabuwa da kayansa. Ya kamata mutum ya gan su da idonsa kafin ya shiga wannan muhawara.

Bayan gidan kaɗan akwai gine-ginen Jami'ar Landan, ciki har da makarantar nazarin Gabas da Afirka, inda aka daɗe ana bincike a kan harshen Hausa, da Cibiyar Ilmi wadda Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a cikinta daga 1945 zuwa 1946. Tafiyar minti ashirin daga nan sai Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, inda aka baje takardar Magna Carta ta 1215 da tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. Ɗalibin tarihi da yake da ƙarin yini ya tafi gidan ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, inda fayilolin Ofishin Mulkin Mallaka suke, har da rahotannin da gwamnonin Nijeriya suka riƙa aikawa.

In ranar ta faɗo Juma'a, Babban Masallacin Landan da ke gefen lambun Regent, wanda aka gama a 1977, ba shi da nisa. Abincin halal yana samuwa a titin Edgware da unguwar Whitechapel, wanda kuma ya yi kewar abincin gida ya nufi Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da yawa. Sayayyar tsaraba a bar ta sai yammacin wannan rana, lokacin da mutum ya san abin da ya rage a aljihunsa da kuma nauyin da aka yarda masa a jirgi.

Kafin a bar masauki kullum, a ajiye fasfo a wuri amintacce a fita da hotonsa, a kuma kula da aljihu da wayar hannu a wuraren cunkoso. Lambar neman 'yan sanda ko motar asibiti ita ce 999. A riƙe ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka gani kowane dare, da sunayen wurare da shekarunsu, domin bayan wata guda yawancinsu za su shige wa mutum duhu, ga kuma 'yan ofis da yara a gida suna jiran labari.