Irin Jini A Cikin Ɓargo: Labarin Da Ya Shafi Masu Sikila

Da wuya a samu zuri'a daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Mubi zuwa Garwa, da ba ta san wahalar amosanin jini ba, wato sikila. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan kasuwarmu bayanin inda jini ke fitowa.

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Can ne wasu ƙwayoyin halitta 'yan ƙalilan suke, masu haifar da jajayen ƙwayoyin jini da farare. Su ne irin shuka. Jar ƙwaya ta mai lafiya takan yi kwana 120, amma ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, domin aibin daga irin yake.

Tsamo wannan iri ya fi tsintar tsakuwa a buhun gero wuya, saboda a ido duk kamarsu ɗaya. A 1961 ne Till da McCulloch suka tabbatar da samuwarsa a jikin ɓera, a Toronto ta Kanada. A 1984 Dakta Curt Civin na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gano wata alama a jikin irin na ɗan Adam, ana kiranta CD34, tamkar tambarin da mai kaya ke yi wa buhunsa. Yanzu akan liƙa wa masu alamar ƙurar ƙarfe, sai mayen ƙarfe ya janye su gefe.

A 1984 ɗin aka ba da labarin wata yarinya a Amurka da dashen ɓargo ya raba da sikila. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irin wannan dashe a 2011. A 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro irin majinyaci, a gyara, a mayar masa. Sai dai farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 aka sa.

Abin lura, dashe aikin asibiti ne mai haɗari, kuma ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ma, damar ɓargonsa ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Don haka duk wanda ya tallata mana garin magani a kasuwa ya ce zai canza irin jini, kuɗinmu yake so. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin aure, domin AS ya auri AS, kowane ciki na iya zuwa da SS. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.